Masaƙa da Marina a Karkarar Arewacin Kano: Tarihin Kiyaye Kyan Aiki

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin Kano sun yi magana mai yawa bisa sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, amma ba su cika tsayawa su bincika dalilin da ya sa tufar Kano ta yi suna ba. Sananne ne cewa a ƙarni na 19 a kan ɗauki riguna da rawuna da zannuwa daga kasuwar Kurmi a kai su Barno da Agadas da Tambutu da Gwanja, har Tarabulus a bakin bahar. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa tufar da a ke fitarwa kowace shekara ta kai ta wuri miliyan 300 a ƙalla. To, kaya ba su jure irin wannan doguwar tafiya shekara da shekaru sai masu saye sun amince da su. Abin da wannan takarda ta ke so ta nuna shi ne, masu sana'ar da kansu ne suka tsare kyan aikin, kowa yana sa ido bisa aikin ɗan'uwansa, kuma ta hannunsu ne sabon salo ya riƙa shigowa. Za mu duba yadda wannan tsari ya ke a ƙauyukan da ke arewa da birni, da abin da ya same shi bayan 1903.

Ƙasar da mutanenta

Wanda ya fita Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Bichi, ko ta Ɗambatta, ko ta Minjibir da Gezawa, zai ga gona na bin gona, ga dorawa da tsamiya da kuka a tsattsaye, ga gidaje a warwatse cikin gonaki, da wuya ya ga daji. Michael Mortimore da J. Wilson sun yi bayanin wannan yanki a 1965, suka shata iyakarsa da inda mutane suka kai 350 ko fiye a kowace murabba'in mil. A nan ba a barin gona ta huta. Taki ne ya ke riƙe ta, wanda a kan kwaso daga turke, ko a ɗauko daga birni bisa jakuna.

Wannan cunkoso shi ne tushen sana'a. Damina wata huɗu ce ko biyar, gonar magidanci kuwa ƙarama ce, hatsinta ba ya kai shi wata kakar sai da ƙari. Saboda haka da an gama girbi sai kowa ya koma ga abin da hannunsa ya iya: wannan saƙa, wancan rini, wani ɗinki, wani jima, wani ya ɗaura wa jaki mangala ya shiga ƙananan kasuwanni. Yawancin tufar da ta sa aka san Kano, manoma ne suka saƙa ta da rani a ƙofar gidajensu, birni kuwa ya tara ta ya sayar. Minjibir na cikin garuruwan da suka shahara da saƙa, har yau ma da ita a ke ambatonta.

Shugabannin jihadi sun ƙarfafa wannan hali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina, cikin wajiban mai mulki. Wajibi ne kuma a faɗi cewa bayi na da babban rabo cikin wahalar. Gandaye da rinjoji sun yawaita a kewayen birni, misali a Fanisau, inda Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya yi ribaɗi sa'ad da ya ke yaƙi da Ɗan Tunku. Guminsu na cikin hatsin da ya ciyar da masu sana'a, yana kuma cikin auduga da baban da suka yi aiki da su.

Hannuwan da tufa ta ke bi

Kafin riga ta hau jikin mai ita ta kan bi hannu bakwai ko takwas. Manomi ya noma auduga. Mata a cikin gida su gurje ta su fid da gurya, su shiɓe ta da baka, sa'an nan su kaɗa ta da mazari, su fid da zare iri biyu: siriri mai ƙarfi na tsaye, da abawa mai kauri ta kwance. Masaƙi ya yi wadari, ya ɗaura zaren ga kunkuru, ya zauna yana jefa ƙoshiya, ya fid da ƙwarya doguwa. Faɗin ƙwarya ya bambanta, daga ta turkuɗi wadda ba ta kai inci guda ba, har zuwa mai faɗin tafin hannu ko fiye. Maɗinki ya haɗa ƙore gefe da gefe. Marini ya tsoma cikin baba, ya fitar ya shanya, ya sake tsomawa har launi ya kama. Mabugi ya shimfiɗa bisa gungume, ya barbaɗa shuni, ya yi ta bugu har tufa ta yi ƙyalli. In riga ce ta manya, sai malami mai zane ya zana aska biyu ko aska takwas da tawada bisa aljihu, masu ɗinkin hannu, waɗanda da yawansu almajirai ne, su bi zanen da allura wata da watanni.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane mai saye ne ga na gabansa, kuma aibin na gaba a kansa ya ke faɗawa. In zare bai kaɗu daidai ba, masaƙi ne zai wuni yana ƙulli, don haka ya kan murza shi ya ja shi kafin ya biya, ya kuma san gidan da zarensu ke da kyau. In bakin ƙwarya ya karkace, maɗinki ne zai sha wuyar haɗawa. In saƙa ta yi sako-sako ba za ta jure bugu ba. In rini bai kama ba, duk ƙarfin mabugi ba zai sa ta ƙyalli ba. Ta haka tufa guda ta kan sha dubawa sau da yawa a hannun mutanen da suka san aikin, tun ba ta isa kasuwa ba.

Wurin aikin ma ya taimaka. Masaƙa su kan kafa masaƙunsu jere a inuwa guda, marina kuwa dole su taru a karofi guda, gama rijiyoyin a haɗe su ke. Wanda ya ke aiki a gaban tsaransa ba ya iya ɓoye ha'inci, kuma wanda ya fito da sabon tsarin zare, kafin kasuwa ta sake ci maƙwabcinsa ya gani ya gwada. Yaro kuma a nan ya ke tashi, ya fara da naɗin kwarkwaro ko ɗebo ruwa da toka, yana jin yadda manya su ke yaba aiki da yadda su ke kushe shi, har idonsa ya buɗe tun hannunsa bai ƙware ba.

Akwai sarakunan sana'a, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Marina da Sarkin Dillalai. Aikinsu shi ne tara haraji, da sasanta rigima, da tsayawa tsakanin 'yan sana'a da fada. Barth ya ambaci kuɗin karofi, wuri 700 bisa kowace rijiyar rini, ya ce a birni kaɗai rijiyoyin sun fi 2,000. Amma kada mai karatu ya ɗauka waɗannan sarautu daidai su ke da ƙungiyoyin masu sana'a na biranen Turai na da, masu rubutattun dokoki da ikon hana baƙo aiki. Saƙa da rini a ƙasar Kano a buɗe su ke ga ɗa da bawa, ɗan gari da baƙo. Abin da ya ke hukunta mutum shi ne sunansa a wurin abokan aikinsa.

Sunan dillali cikin ƙunshi

Shaida mafi ƙarfi bisa wannan al'amari ta fito daga Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano cikin Janairu 1824, ya kuma je ya gai da Sarki Dabo a Fanisau. Ya ba da labari cewa a kasuwar Kano a kan rubuta sunan dillali a sa cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. In an kai ƙunshin Barno ko wata ƙasa mai nisa ba a kwance ba, aka buɗe aka tarar da kaya marasa kyau, sai a komo da su. Dillali ya nemo wanda ya ba shi, shi kuwa tilas ya mai da kuɗi.

A duba abin da wannan ƙa'ida ta ke haifarwa. Tun da dillali ya san ƙunshi na iya komo masa bayan wata shida, ba zai karɓi kaya ba sai ya warware ya duba, kuma zai fi son ya yi hulɗa da masaƙa da marinan da ya sani. Haka kuma fatoma, wanda fatake su ke sauka gidansa, ba zai haɗa baƙonsa da dillalin da aka taɓa kamawa da algus ba. Ta wannan hanya ƙorafin Buzu a Agadas ya kan biyo sawu har ya iso inuwar masaƙi a ƙauyen Minjibir. Abin da mai saye ya ke so ma ta nan ya ke biyowa. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka zauna a ƙauyukan arewacin Kano da kudancin Katsina suka zama manyan fataken goro, su kan tafi Gwanja da tufa, su komo da labarin irin wadda ta ke ci a can.

Harshe ma yana da abin faɗa. Kalmomin aikin hannu, watau kaɗi, saƙa, rini, bugu, ɗinki, na Hausa ne tsantsa. Kalmomin ciniki kuwa da yawansu daga Larabci su ke: dillali daga dallal, la'ada daga al-ada, algus daga al-gish. Wannan ya yi daidai da abin da tarihi ya nuna. Sana'ar tsohuwa ce a ƙasa, fiƙihun Malikiyya kuma, wanda ya hana algus ya ba mai saye ikon mai da kaya in ya sami aibi ɓoyayye, ya zo ya ba al'adar kasuwa gindin zama. Dillalin da ya karanta Risala a zaure ya san hukuncin tun ba a kai shi gaban alƙali ba.

Yadda sabon abu ya ke shigowa

Kada a zaci wannan sa ido ya hana canji. Ƙarni na 19 zamani ne na sababbin dabaru. Philip Shea, wanda ya rubuta kundinsa bisa rinin Kano a 1975, ya nuna muhimmancin laso. Da fari a cikin manyan tukwane a ke rini. Daga baya marina suka riƙa haƙa rijiya mai zurfi, su shafe cikinta da laso, wanda a ke haɗawa da ƙonannen katsi da gashin dabba da ruwan dafara. Katsi kuwa shi ne laka da ta ke kwantawa a gindin rijiyar rini, gashi kuma daga majema ya ke fitowa. Watau sharar sana'a biyu ce ta zama abin gina rijiyar da ta fi tukunya girma da ƙarko, ta rage tsadar rini, har marina suka yawaita a ƙauyuka. Magina ma suka ɗauki laso suna shafe soraye da shi.

Baƙi sun kawo nasu. Unguwar Tudun Nufawa a birni tana tuna mana da Nufawa, waɗanda suka shahara da saƙa da ɗinkin riga, sunan girken Nufe kuma ya nuna inda wannan salo ya fito. 'Yar Dikwa ta nuna Barno. Alharini, daga Larabci al-harir, jan siliki ne da ayarin Tarabulus ya ke kawowa ta hamada, masaƙa suka sa shi cikin ƙwarya suka fid da barage. Tsamiya kuwa silikin gida ce, daga tsutsar da ta ke yin sheƙa a itace. Saƙi, mai ɗigo-ɗigo kamar gashin zabo, ya fito ne daga jera baƙin zare da fari bisa lissafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da ya bi ta hannun masaƙi da maɗinki da dillali suka gwada shi suka yarda, sa'an nan ya sami suna. Samun suna kuwa shi ne alamar salo ya zauna, gama da zarar an ce saƙi ko barage, mai saye a Zinder ya san abin da zai tarar, ya kuma san abin da zai ƙi karɓa.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Kano cikin Fabrairu 1903, da fatan ƙasar Hausa za ta ciyar da masaƙun Lankasha da auduga. An kafa ƙungiyar noman auduga ta Biritaniya a 1902 domin wannan nufi, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka ja hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Abin bai tafi yadda suka so ba. Masaƙan gida sun riƙa sayen auduga da tsadar da ta fi ta Turawa, manoma kuwa suka juya ga gyaɗa tun daga 1912. Wannan ya nuna ƙarfin da sana'ar ta ke da shi a lokacin.

Duk da haka sarƙar ta soma kwancewa. Ayarin hamada ya mutu, akoko da atamfa na Mancesta suka cika kanti. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a ma'aikata a 1897, daga baya shi da soda suka iso Nijeriya. Suna da sauri, amma wanda bai iya awonsu ba sai ya ƙone tufa. A Abekuta, inda mata ke rinin adire, abin ya kai Alake ya hana amfani da su, marina suka ƙi yarda da hanin, har aka kafa kwamitin bincike a 1936. Doka daga fada ba ta iya yin abin da idon abokan aiki ya ke yi a da ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946, Ma'aikatar Ciniki da Sana'o'i ta gwamnatin mulkin mallaka ta shiga shirin gyara saƙar hannu. Aka buɗe wuraren koyarwa a garuruwa kamar Ado Ekiti da Oyo da Auchi, a Lardin Kano kuwa aka zaɓi Minjibir. Aka kawo masaƙa mai faɗi irin ta Turai, da keken kaɗi. Niyyar mai kyau ce, amma masaƙa mai faɗi ba ta kori ta gargajiya ba, kuma dalilan a fili su ke. Tana da tsada ga manomin da ke saƙa da rani kaɗai. Tana bukatar ɗaki, alhali ta gargajiya a kan naɗe ta da yamma a shiga da ita gida. Yadin da ta ke fitarwa ya yi kama da na kanti, don haka da na kanti ya ke gasa, inda ba shi da rinjaye. Babban dalili kuwa shi ne, an gyara hannu guda cikin takwas. Maɗinkin da ya saba haɗa ƙore, da mabugi, da dillali, da Buzun da ke neman turkuɗinsa siriri, ba a tambaye su ba.

A gwada wannan da abin da masaƙan suka karɓa da kansu. Zaren kanti, wanda inji ya kaɗa, sun ɗauke shi ba da wani ya koya musu ba, gama ya fi daidaito, ya kuma shiga masaƙarsu yadda ta ke. Haka zare mai launi iri-iri. Amma wannan ma da hasararsa, domin kaɗi ya ja baya, mata da yawa suka rasa abin da su ke samu, ilmin zare kuma ya soma ɓacewa daga cikin gidaje.

Sa'an nan manyan masaƙu na inji suka zo. An buɗe ta Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, suka ɗauki dubban ma'aikata. Su ma ba su dawwama ba. Tsadar kayan aiki bayan 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da yadin Sin mai araha da ya cika Kantin Kwari, suka durƙusar da su, har ta Kaduna ta farko ta rufe a 2002. Masaƙin ƙauye, wanda aka ce injin zai shafe shi, ya ga tashinsa ya ga faɗuwarsa, ko da ya ke shi ma 'yan'uwansa sun ragu ƙwarai.

Abin da tarihin ya ke koya mana

Akwai wata ƙasa da ta fuskanci irin wannan matsala ta bi wata hanya. A tsibiran Hebrides na Sikotilan akwai ƙananan manoma masu saƙa ulu a gidajensu. Da 'yan kasuwa suka fara sayar da na inji da sunan nasu, sai aka kafa ƙungiya a 1909, aka yi tambarin Harris Tweed wanda a ke bugawa bisa yadin da aka duba aka yarda da shi, a 1993 kuma majalisar Biritaniya ta yi doka ta tsare shi. Wanda ya karanta labarin Clapperton zai ga cewa wannan tambari ɗan'uwan takardar nan ce ta cikin ƙunshi, wadda Kano ta riga su da shekaru fiye da 80.

Saboda haka duk mai son ya farfaɗo da saƙa da rini a Minjibir ko Bichi ko Ɗambatta, ya kamata ya fara da tara masu sana'ar wuri guda, daga mai zare har dillali, su faɗi da bakinsu abin da ya sa ƙwarya ta zama ta kirki: yawan zaren tsaye, da miƙewar baki, da sau nawa za a tsoma. Su ne kuma za su zaɓi waɗanda za su duba kaya, a sa sunan mai aiki da garinsa a jikin abin da ya yi, yadda mai saye zai san inda zai koma. Masu zane da suka yi karatu a jami'a suna da abin bayarwa, muddin za su zauna a inuwar masaƙa a gwada zanensu a kushe shi kamar na kowa.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da rabo biyu cikin aikin. Na ɗaya, su riƙa gayyato gwanayen sana'a su koyar a darasin aikin hannu, a ba su girman malami da ladansa. Na biyu, su tura ɗalibansu garuruwansu lokacin hutu su rubuto sunayen ƙore da zane da kayan masaƙa, da kalmomin da tsofaffi su ke yaba aiki ko kushe shi da su, tare da guntun tufar da kowane suna ya ke nufi. Ma'aunin kyan aiki na ƙasar Kano a bakin waɗannan tsofaffi ya ke, ba a taɓa tattara shi wuri guda ba, kuma kowace shekara masu riƙe da shi raguwa su ke yi.